Tulin da Babu a Littafi

Malam Talle ya shekara talatin da huɗu yana haƙa rijiya a Katsina. A Gobarau aka haife shi, a gidan da kakansa da mahaifinsa duk igiya da dagi suka bari gado. Bai yi boko ba. Amma in ka damƙo ƙasa ka miƙa masa, zai murza ta a yatsa, ya shinshina, ya gaya maka gaba nawa aka nutsa kafin a same ta. Da gaba suke awo, wato faɗin hannu biyu in mutum ya ware su.

Shi da ƙanensa Ɗayyabu suna da tsarin da suka tarar a gida. Duk ƙasar da aka fito da ita daga rijiya, ba a haɗa ta wuri ɗaya. Kowace iri da tulinta, a jere daga dama zuwa hagu, yadda aka same su. In aka ci karo da yashi mai gudu, wanda ke zubowa ya binne mutum, sai a soka kara a kan tulinsa. Ma'anar karan ita ce kada kowa ya sake shiga sai an saka zoben siminti. Da wannan jeri ɗayansu ke karɓar aikin ɗaya ko ba su haɗu ba.

A ƙarshen daminar bara wata makarantar 'yan mata da ke bayan Ƙofar Kaura ta ba su haƙa. Ɗayyabu ya fara da mutanensa, domin Talle na ƙarasa wata a GRA. Ran Lahadi Ɗayyabu ya wuce ƙauye yankan gero, inda waya ba ta shiga. Ran Talata da hantsi Talle ya iso da Sagiru, ƙaton da ke ja masa igiya shekara tara.

Ya zagaya tulin kamar kullum. Baƙar ƙasa, jar ƙasa, yumɓu, marmara, ruɓaɓɓen dutse. Biyar, babu yashi, babu kara. Sai dai kowane tuli an kafa masa kwali da rubutun boko, an share kewayensa tas.

"Ɗayyabu ya zama ɗan gayu," in ji Sagiru. "Har ƙasa yake wa lamba."

"Ka riƙe igiyarka, sarkin surutu."

Ya yi bisimilla ya zauna a maɗaukin igiya, Sagiru ya zura shi. Gaba bakwai. A ƙasa akwai sanyi da ƙanshin danshi, alamar ruwa ya kusa. Ya kama sara da dagin mahaifinsa.

Bai cika bokiti biyu ba ya ji takun ƙafafu da yawa a sama. Magana tana sauka cikin rijiya tar, kamar a kunne ake yin ta. Muryar mace ce, Malama Zuwaira mai koyar da labarin ƙasa, ta fito da 'yan ajinta su arba'in.

"Wannan baƙar ita ce ƙasar sama, inda saiwar shuka take. Ramla, ta biyu fa?"

"Ƙasar ƙarƙashi, Malama."

"Madalla. Wannan yumɓu ne, ba ya barin ruwa ya wuce. Ga marmara. Ga dutsen da ya fara ruɓewa, a ƙarƙashinsa dutsen tushe yake."

Talle ya yi murmushi a cikin duhu. Ashe abin da yake tarawa yana da sunaye a makaranta.

"Malama," in ji yarinyar, "yashin da muka kwashe jiya fa, wanda ke tsakanin yumɓu da marmara? Mai kara a kai?"

"Wannan na magina ne, wani ya juye shi nan. Ba ya cikin zanen littafinku. Ai yana filin tsalle yanzu."

Dagin ya tsaya a hannun Talle.

Ya ɗaga kai a hankali. Sama da shi, kamar gaba uku, akwai wani zagaye a jikin rijiyar da ya fi sauran santsi. Da yana sauka ya ɗauka yumɓu ne. Yanzu ya gane aikin ƙanensa: laka ce Ɗayyabu ya shafe yashin da ita don ta riƙe shi kwana biyu kafin zobe ya iso. Lakar ta bushe, ta tsage. Daga tsagar wani siririn yashi na zubowa, ya sauka a wuyansa, ya gangara cikin riga.

Hasken bakin rijiyar ya ragu. Kawuna ne, farin hijabi a zagaye, suna leƙe. Mutum arba'in a kan ƙasar da yashi ke ɗauke da ita.

Ya san in ya yi ihu za su watse da gudu, kuma gudun ne zai girgiza bangon. Sai ya yi kira a hankali.

"Sagiru."

"Na'am, Baba."

"Gaishe min da Malama. Ka ce ina roƙon arziki, ta tahi da ɗiyan nan gindin darbejiya. Sannu sannu, biyar biyar. Kada wadda ta yi gudu."

"Mi ya faru?"

"Akwai kara."

Sagiru bai ƙara tambaya ba. Talle ya ji muryarsa ta canza, ta yi laushi kamar mai lallashin jariri. Ya ji Malama tana cewa ai darasi bai ƙare ba, minti biyar kawai. Ya ji Sagiru ya ce, "Malama, don girman Allah." Daga nan takun ya fara raguwa. Talle yana ƙirgawa da kunne. Yashin da ke zuba ya kai kaurin yatsa, sa'an nan kaurin igiya. Ya rufe masa idon sawu.

Wani ɓangaren laka mai faɗin faranti ya ɓalle ya faɗo masa a kafaɗa.

"Sun tahi, Baba."

"Ja. Kada ka fizga. In na taɓa bango mun gama."

Ya saki dagin, domin yana bukatar hannu biyu ya daidaita jikinsa a tsakiya. Igiya ta miƙe. Ya tashi gaba ɗaya, gaba biyu. Da ya zo daidai zagayen sai ya ga bayan lakar rami ne, yashin ya riga ya zube daga ciki, har hannu zai shige zuwa kafaɗa. Ya rufe baki ya daina numfashi. Igiyar ta ɗan juya da shi, gwiwarsa ta wuce bangon da tazarar da ba ta kai taƙi ba.

Sai igiyar ta tsaya. Sagiru ya gaji, nishinsa har ƙasa. Sa'an nan ta ci gaba da tafiya, da sauƙi fiye da da. Lokacin da kansa ya fito sarari ya ga dalili: Malama Zuwaira ce a bayan Sagiru, ta yar da littafi, ta naɗe igiya a hannu, maigadin makaranta a bayanta.

Sun janye shi taku goma daga bakin rijiyar lokacin da ƙasa ta yi wata ƙara mai nauyi. Gefen yamma na rijiyar ya zauna, ya tafi da bokiti da kwalin da aka rubuta wa yumɓu. Dagin yana can har yau.

Malama ta tsaya tana kallon tafin hannunta da igiya ta saɓule.

"Malam, ni na sa aka kwashe. Ban sani ba."

Talle ya zauna a ƙasa yana kakkaɓe yashi daga gemu.

"Littafin naku, a wace unguwa aka haƙa rijiyarsa?"

Ya miƙe tsaye.

"To a aiko min da bokiti ɗaya daga filin tsallen. Ki kira ɗiyan, su tsaya nesa."

Ya juye yashin da hannunsa tsakanin gurbin yumɓu da marmara, ya karyo kara ya soka a kai. Ramla ta tambayi Malama me za su rubuta a kwalin wannan. Malama ta juya ta dubi Talle.

"Yashi mai gudu," ya ce. "Ku rubuta da girma. Karan kuma ku bar shi inda yake."