Gadin da Kawu Ya Ƙi Karɓa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani abokin aikina, ina ta zumuɗi kamar mai kai lefe. Albishir zan kai wa Kawuna a Kibiya: na samo masa aikin gadi a gidan maigidanmu. Shekara da shekaru, da an gama girbi sai ya tafi cin rani Legas, yana tura kurar ruwa har damina ta faɗi. Ga shi furfura ta fito, gwiwa kuma ta fara gardama. Na rantse bana ba zai koma ba.

Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ɗora laifin a kan mai, mu kuma muka ɗora a kan direba. Mata na baya, mu maza muna matse a gaba. A Rano muka sauka muka karya da koko da ƙosai mai zafi, muna kallon duwatsun garin. Jin cewa ƙosai ɗaya naira ashirin ne ya kusa kayar da abokina.

Na saba in shiga ƙauyen su Kawu da rani in tarar da tsofaffi da mata da awaki kawai. Wannan karon ma shiru ne. Na ce shi ke nan, ya riga ni tafiya. Da na tambayi matarsa, sai ta yi dariya, ta nuna mana hanyar fadama.

Jama'a, ashe can garin ya koma! Albasa da tumatir kore shar, injin ban-ruwa na ta ƙara. Ga Kawu cikin taɓo har gwiwa, yana ba wasu baƙi uku umarni. Wai daga arewa suka zo cin rani wurinsa. Ya ce duk wahalar da ya sha a Legas, injin nan yake tara wa kuɗi, bara Allah Ya cika masa buri. Ni kuwa ban sani ba, don rabona da zuwa an kwana biyu.

Duk da haka na daure na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara sarai, ya goge hannu a riga.

"Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji shi. "Ka ce wa maigidanka na gode. Kai kuma duk ranar da albashi ya gaza, ka zo mana cin rani."

Ma'aikatan suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Wallahi kunya ta kama ni, amma daɗin ya fi ta yawa. Muka ci dambu da zogale a gindin mangwaro har muka kasa tashi.

Bayan magariba muka iso Kano da buhun albasa, ina ta tunanin abin da zan gaya wa maigida. Tafiyar nan ta koya mini abu guda: na daɗe ina tausayin Kawu daga nesa, ban taɓa zama na tambaye shi me yake shiryawa ba.