Hannun Daman Yaya Sahabi

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Sahabi makwancinsa a Madarunfa, amma har yau in aka yi zancen ɗaga ƙarfe shi ke faɗo mini a rai.

Wana ne, ciki ɗaya. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Maraɗi zuwa Katsina, mutumin da zaman gida ke yi masa ƙaiƙayi. Wata safiya hawan jini ya kayar da shi, ya shanye masa ɓarin dama. Da aka sallamo shi daga asibiti, duniyarsa ta tsaya tsakanin ɗaki da gindin bishiyar bedin tsakar gida. Ko ƙofar gida ya ƙi zama, don ba ya son jin "Allah sarki" daga bakin waɗanda ya saba ɗauka kyauta. Ya ce ba zai fita ba sai ranar da hannunsa zai riƙe sitiyari.

Likita ya ce ya riƙa motsa hannun, amma ba mai nuna masa yadda ake yi. Sai ya sa matarsa Indo ta cika manyan gwangwanayen tumatir biyu da siminti, aka soka sanda a tsakani. Rashin sani ya fi dare duhu: da nauyin ƙarti ya fara. Ranar da ya gwada, Indo ta shiga maƙwabta. Ya kwanta a tabarma ya ɗaga da hagu, daman ya ƙi tallafa, sandar ta dawo ta danne masa ƙirji. Haka ta tarar da shi, rana ta ci inuwar, ya ƙi kiran kowa. Da ta janye, abin da ya ce kawai shi ne, "Kada ki hwaɗa ma mutane."

Daga nan ya sauko. Ya koma ga gorar ruwa mai yashi kaɗan a ciki, ya ɗaga, ya huta, wani lokaci ya tsallake yini in kafaɗar ta yi tsami. Shi ya gano wa kansa cewa da rarrafe yaro ke tashi. In ƙarar mota ta taso daga titi, sai ya dakata da gorar a sama har ta wuce.

Yau samari na da ɗakunan motsa jiki a Maraɗi, da madubai, ga waya na koya musu komai. Ina jin da ya gani zai yi dariya, sannan ya tambaya ko akwai mai koya wa mai hannu ɗaya. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne hanyar da ya yi ta marmari. Sau nawa aka rufe ta bayansa? Na ga abokansa a Ɗan Issa, bakin iyaka, lafiyarsu lau, suna zaune ƙarƙashin motocinsu ba inda za su.

Bai kai ga sitiyarin ba. Ciwon ya dawo, kuma fitarsa ta farko daga gidan a makara ce. Na daɗe ina auna abin: da ya sassauta rantsuwarsa, da ya sha iskar waje, ya ga mutane. Amma wataƙila rantsuwar ce ke tashinsa kowace safiya. Ban iya raba su ba.

Abin da ya rage mini shi ne zuwana na ƙarshe. Na miƙa masa hannu biyu kamar kullum don in kama hagunsa, sai ya ɓoye shi. Ya ɗago daman, ya kama nawa ya matse har na ji zafi.

"Ka ji, ƙanena?" ya ce.

Na ce na ji, Yaya. Allah ya yalwata masa kabarinsa fiye da yadda duniya ta yi masa.