Ƙugun Dada da metron Alƙahira

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da Dada mahaifiyata, da jakunkunanmu da sandarta. Da yawanku kun yi ta tambayar inda na shiga, shagona na babbar kasuwar Garuwa a rufe, waya kuma ba ta shiga. To, Masar na kai Dada asibiti. Ƙashin ƙugunta ne ya cinye, ta daɗe tana sallah a zaune, likitocinmu suka ce sai an canja mata shi. 'Yan'uwa suka haɗa hannu, aka ba mu rana a wani asibiti a Alƙahira. Ni aka zaɓa in raka ta, don na taɓa zuwa can saro abayoyi shekarun baya, kuma cinikin mutanen Kusiri ya koya mini ɗan Larabci.

Jirgin sama muka so bi zuwa Yawunde, sai aka ɗage shi ba tare da an faɗi ranar tashi ba, ga ranar asibiti na ƙaratowa. Dole muka nufi ajans, tashar manyan motocin fasinja. Na sayi kujera biyu don Dada ita kaɗai, ta samu wurin miƙe ƙafa.

Mun haye gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba, masunta na ta jan koma a ƙasa. Har Ngong hanyar da sauƙi. Can muka tsaya muka sha kunun gyaɗa da ƙosai mai zafi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, Dada har tana tsokanar mai ƙosan da Fulatanci wai ta yi rowar yaji. Daga nan dariya ta ƙare. Damina ta wanke kwaltar wuri-wuri, ramuka sun cika da jan ruwa, direba ba ya gane zurfinsu sai ya faɗa. Duk faɗawa ɗaya sai in ji Dada ta damƙe hannuna. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi a hankali, gumi na zubo mata duk da sanyin safiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da muke bi a baya. Manyan motoci ne jere, wasu ɗauke da audugarmu, wasu da simintin Figil, duk sun nufi kudu. Su ne suke murƙushe hanyar, kuma arzikin da ya isa a gyara ta ne suke wucewa da shi. Jandarmomi sun tsayar da mu ban san sau nawa ba, kowane shinge sai an sauko an nuna katin shaida. Wani ya nace sai Dada ta sauka ita ma. Sai da fasinjoji suka taso masa da surutu ya haƙura ya karɓi katin ta taga. Idonsu na kan takardunmu, ramin da ke gaban shingen nasu kuwa ya isa ya haɗiye akuya.

A hawan dutsen da ke gaban Mbe muka tarar da wata babbar mota ta kwanta ta tare rabin hanya. Mun yi zaman jira har rana ta take. Sai bayan la'asar muka shiga Ngawundare, majiya ƙarfi biyu suka sauko da Dada, don ƙafar ta riƙe gaba ɗaya.

A tashar jirgin ƙasa na samo mata benci. Daga inda muke zaune ana hangen inda layin dogo ya ƙare. Dada ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce tun tana amarya babanmu yake dawowa daga kasuwa da labarin dogo zai iso Garuwa, har ya wuce Marwa. Ta ce ya rasu yana jira, ita ta yi jikoki, jikokin sun fara aure, ga dogon nan inda ta san shi. Sai na tafi na sayo kilishi da zumar Adamawa.

Jirgin, gaskiya, ya yi mana rana. Mun samu kushet, ɗakin kwana mai gadaje, Dada ta miƙe ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Da gari ya waye, mata na ta miƙo ayaba da abarba da bobolo, tuwon rogo naɗe a ganye, ta taga a ƙananan tashoshi. Ina cin ayabar ina tunanin da wannan gadon daga Garuwa ya taso, da ba a wahalar mini da uwa haka ba. Daga Yawunde muka tashi sai Alƙahira.

Kwanakin farko tasi muka riƙa shiga zuwa gwaje-gwaje. Wanda bai ga cunkoson Alƙahira ba bai san cunkoso ba. Kowa na danna oda, ba mai motsi, direbobi na zagin juna ta taga suna kurɓar shayi. Da aka kwantar da Dada aka yi aikin lafiya, sai ya zama ni kaɗai ke kai da komo tsakanin masauki da asibiti. Mai gidan da muka sauka ta ce in daina ɓarnar kuɗi, in bi metro, jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ga tasha nan bayan layinsu. Na ce mata ai na san unguwar, babu tasha a nan. Ta yi dariya ta ce yaushe rabona da garin.

Ashe kuwa da gaskiyarta. Inda na san masu sayar da lemo suna baje kaya, yanzu matakala ce mai gangarawa da kanta. Na tsaya gaban taswirar da ke bango kamar baƙauya. Zuwana na farko layi biyu na sani da guntun na uku. Yanzu na ukun ya miƙe gabas da yamma, ya nutse ta ƙarƙashin kogin Nilu ya ɓullo a ɗaya gefen, ya yi rassa zuwa unguwannin talakawa da a da sai ka sha wahalar ƙananan bas kafin ka kai. Aka ce mini ana kan haƙa na huɗu wajen dalar Fir'auna. Na je na gani da idona wata rana, an kewaye titi da kwano, injuna na aiki, ƙura na tashi.

Tikitin bai kai abin da ɗan moto, mai babur ɗin haya, yake karɓa daga kasuwa zuwa gidanmu in an yi ruwa ba. Akwai taragon mata zalla a tsakiya, da sanyin na'ura. 'Yan makaranta na bitar darasi a tsaye, wata na gyaran wake a cinyarta, masu talla na ratsawa da safa da tsinken gashi. Kafin in gama lazimi na isa asibiti. Da rana in fito in ci koshari, wato shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake an zuba miyar tumatir da soyayyar albasa, in kora da ruwan rake. Larabcina na Kusiri kuwa ya sha dariya. Duk wanda na yi wa magana sai ya kira abokinsa ya zo ya ji.

Wata rana na zauna kusa da wata dattijuwa mai shagon kayan yara a titin da ake haƙa sabon layin. Da ta ji ni 'yar kasuwa ce sai ta buɗe mini ciki. Ta ce an toshe gaban shagonta da kwano, ciniki ya mutu, ƙura ta ɓata mata kaya, aiki ya ƙi ƙarewa, kuma an ƙara kuɗin tikiti. Ta zagi masu aikin, ta zagi masu ba su aikin, da ƙarfi, a cikin jirgi, sauran mata na taya ta. Na tausaya mata, don na san zafin shago a buɗe babu mai saye. Amma na ce mata mu a garinmu ko kwanon ba a kawo ba. Ta tambaye ni me muke yi a kai. Na ce muna haƙuri. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Haƙuri da wa? Allah ne ya hana ku hanya?"

Na wuni da maganar nan a raina. Masar ba aljanna ba ce. Na ga talauci a can wanda ya fi namu muni, na ga mutane na kwana a maƙabarta. Amma talakan nan ya san da gari ya waye akwai abin da zai kai shi wurin nemansa, kuma in ya makara yana ganin haƙƙinsa aka taɓa.

Da Dada ta fara takawa da ƙarfen dogarawa, aka sallame ta, aka ce ta riƙa zuwa gashin ƙashi. Na ba ta labarin metro har ta gaji, ranar nan ta ce ita ma sai ta gani. Na ce, "Dada, ƙarƙashin ƙasa ne fa." Ta ce ai can za mu duka, gara ta leƙa tun da ƙafarta. Muka fita bayan cunkoson safe ya lafa. Lif ya sauke mu har bakin jirgi, daɓen sumul, bakin ƙofar daidai da inda muke tsaye. Ta shiga da kanta, ba wanda ya ɗaga ta. Wata budurwa ta tashi ta ba ta wuri. Da na ce mata yanzu kogi na bisa kanmu sai ta ɗaga kai ta duba rufin, ta yi salati, sannan ta fashe da dariya har da hawaye. Na daɗe ban ga Dada ta je wani wuri ba tare da an ciccibe ta ba.

Ranar sallama ta ƙarshe likita ya ja mini kunne. Ya ce kada ta hau babur, kada a bi da ita hanya mai girgiza, kuma kullum ta yi tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, tana ƙara nisa a hankali. Ya ce abu ne mai sauƙi. Na ce to.

Saboda maganarsa muka zauna a Yawunde gidan wata 'yar'uwa har muka samu kujera a jirgin sama, don na rantse ba zan sake bi da ita ta hanyar Mbe ba. Mun sauka Garuwa da hantsi bayan an kwana ana ruwa. Tasi ta ɗauko mu har bakin unguwa, nan direba ya kashe mota. Ruwa ya zaizaye layinmu ya bar kwazazzabo a tsakiya, ko moto sai ya bi gefen katanga. Dada ta sauko ta dafa ƙarfenta, ta yi taku biyu, ƙafafun ƙarfen suka nutse a laka. Maƙwabta suka fito da kujerar roba, suka ɗora ta, suka ɗauke ta a kafaɗa har tsakar gida, mata na guɗa suna mata barka da dawowa. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne mun daɗe muna kiran sakaci da sunan ƙaddara. Ban ce a haƙa mana metro a Garuwa ba, ban yi hauka ba. Amma garin da ke fitar da auduga da siminti ya wuce a ce dogo ya tsaya masa a nesa tun zamanin iyayenmu, ya wuce a ce tsohuwa ba za ta iya takawa zuwa bakin titi ba. Na je wurin mai unguwa, na je ofishin magajin gari, an ce in dawo bayan damina. Zan koma, kuma ba ni kaɗai ba, matan layinmu sun ce tare za mu.

Dada na gaishe ku. Aikin ya yi kyau, ta koma sallah a tsaye. Kullum da safe tana zagaya tsakar gida daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure, in ta kai ƙofar ta leƙa waje, ta juyo.