Ɗakin da Mani Magini Ya Rushe da Hannunsa

A ƙauyukan da ke yamma da Ruwan Godiya, in ka ga zaure mai kyan yaɓe ko rumbun da ya shekara ashirin bai tsage ba, da wuya in ba Baba Mani ne ya gina shi ba. A wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar. Da damina yana gona kamar kowa, da an kawar da amfanin gona kuma sai ya ɗauki kayan aikinsa ya bi masu kira. Ba shi da yawan magana. Yakan damƙi ƙasa ya murza a tafin hannu, ya ce wannan za ta yi, ko ya ce a nemo wata.

Sau biyu 'yan bindiga suna shiga ƙauyensu suna kore shanu, mutane suna haƙuri. Zuwa na uku da hantsi suka zo, suka cinna wa rumbuna wuta, suka harbe mutum bakwai, har da Jabiru, ɗansa namiji tilo. Bayan an rufe gawawwakin, Baba Mani ya sa matarsa Ramatu da matar Jabiru da jikoki uku a gaba, suka taka da ƙafa har Faskari.

Hukuma ta buɗe musu wata makarantar firamare. Aji ɗaya iyali tara, an raba tsakani da zannuwa da buhunan da aka farke, maza kuma suna kwana a baranda. Da fari ana dafa abinci safe da yamma. Daga baya aka koma raba masara, sannan rabon ya zama sai an ga dama ta samu. Jami'in da aka ɗora wa kula da su, Malam Nasir, mutum ne mai kirki. Ya san sunan kowa, kuma ba ya ɓoyewa in ba shi da abin bayarwa.

Da aka ce yara su koma karatu, sai aka kwashe iyalan zuwa wani tsohon sito na taki a bayan kasuwa. Kwanon ya ci tsatsa, warin takin bai fita ba. Nan Ramatu ta kamu da tari.

Wata rana Baba Mani ya tare Malam Nasir a bakin siton.

"Malam, ina da magana. Ba abinci zan roƙa ba."

"Ina jin ka, Baba."

"A ba mu fili kawai. Ƙasa ba saye ake ba, ga mu maza arba'in zaune ba aiki. Kafin ruwa ya sauka zan tsayar da ɗaki talatin, in Allah ya yarda."

Malam Nasir ya rubuta, ya kai gaba. Bayan sati uku ya dawo da amsa, yana magana yana kallon ƙasa. An ce akwai shirin gidajen bulo da aka riga aka bayar da kwangilarsu. An kuma ce in aka ba su fili suka yi gini, sun zauna ke nan, alhali abin da ake so shi ne kowa ya koma garinsu da an samu lafiya.

"To yaushe za a samu lafiyar?" in ji Baba Mani.

"Wallahi Baba, ban sani ba."

Gidajen bulon kuwa an fara su. Baba Mani ya je neman aiki, aka dubi furfurarsa aka ce aikin siminti ba irin nasa ba ne. Ginin ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a ciki.

Tarin Ramatu ya yi ta ƙaruwa, har maƙwabta a siton suka fara matsar da tabarminsu. Ita ma ta lura. Ta ce wa mijinta, "Malam, ba ciwon ke damuna ba kamar yadda nake hana mutane barci."

Washegari ya aro galma, ya zagaya bayan siton inda akwai wani kango. Ya haƙo ƙasa, ya kwaɓa da busasshiyar ciyawa, ya yi tubali ya shanya. Shi kaɗai ya yi aikin, kwana goma sha shida. Ɗaki ne ɗan ƙarami, tabarma biyu ta cika shi, ya rufe da kara da leda. Amma ya yi masa yaɓe sumul, ya fitar da 'yar taga ta gabas. Ramatu ta shiga ta shafa bangon, ta yi dariya a karo na farko tun barinsu gida.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a ciki. Mai kangon ya zo, bai yi faɗa ba. Ya ce ya ga wasu mutum huɗu sun fara tara ƙasa, in ya ƙyale ɗaya, nan da wata biyu filinsa ya zama unguwa. Malam Nasir ya roƙe shi, ya ƙi. Ya ce gobe zai turo masu rushewa.

Baba Mani ya ce kada a turo kowa. Ya kama Ramatu ya mayar da ita sito, ya dawo ya sauke rufin, ya riƙa ɓamɓare tubalin daga sama, layi-layi, kamar yadda ya jera su. Mutane suka tsaya suna kallo.

Ramatu ta rasu cikin watan Agusta, ana tsakiyar ruwa. Matar Jabiru ta kwashi yaran ta tafi Funtuwa wurin danginta, ta ce in ta samu wuri za ta aiko. Ba ta aiko ba tukuna.

Bara aka kawo motoci aka ce mai son komawa gida ya hau. Waɗanda suka je sun tarar rufin gidaje ya rufta, kuma ba a shiga gona sai da yardar mutanen daji. Yawancinsu sun dawo kafin girbi. Baba Mani bai hau ba.

Yana nan a siton, shekara ta huɗu. An canza Malam Nasir, sabon jami'in ya sake ɗaukar sunaye. Da safe yakan je kasuwa ya tsince hatsin da ya zube a wurin masu awo, idanunsa kuma sun fara yin yana, da murya yake gane mutane.