Ƙafar da Yaya Ya Daina Saukewa

Har na bar hawan keke, ƙafar dama nake saukewa in na ja birki. Mutane sun ɗauka tsantseni ne na addini, ni kuwa na bar su a haka, don ba kowa ne ya isa in buɗe masa cikina ba. Amma ni ɗan hagu ne tun asali, kuma wanda ya koya mini hagun yayana ne.

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, ni da shi goro muke sayarwa. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, ya girme ni nesa ba kusa ba. Muna zaune a Dutsin-Ma, ranar kasuwar Kurfi sai mu ɗaure kwandunan goro a kariyar bayan keke, mu lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, mu kama hanya tun da sanyin safiya. Shi ne a gaba kullum, ni a baya. Wanda ya yi shekaru yana bin mutum ɗaya a kan keke ya fi sanin dugadugansa da fuskarsa. Na san yadda yake taka feda in yana cikin nishaɗi, na san yadda yake takawa in ya yi faɗa a gida kafin mu fito.

Akwai wata tsamiya a bakin hanya wajen Birchi, nan masu keke ke yada zango. Wata dattijuwa tana suyar ƙosai a gindinta, matan Fulani suna kawo fura da nono. Mu zauna a kewaye ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya yana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Kuma ba mu da wata gardama da ta wuce ta ƙafa. Wallahi manyan mutane masu iyali, sai ka ji sun kaure da musu a kan ƙafar da ta kamata mutum ya sauke in ya tsaya, kamar an ce za a raba gado.

Shugaban 'yan dama wani tsoho ne mai sayar da kanwa da gishiri, Malam muke ce masa. Shi a wurinsa magana ɗaya ce: da dama ake shiga masallaci, da dama ake cin abinci, to don me Musulmi zai gaisa da ƙasar Allah da ƙafar shiga bayan gida? Yaya kuwa shi ne sarkin 'yan hagu, kuma bakinsa ba ya mutuwa.

"Allah shi gafarta Malam," in ji shi, "doki ta ina ake hawansa? Ta hagu. Sarƙar keke tana ina? Dama. Ka jingina can, baƙin mai ya ɓata maka wando. Motar gyaɗa kuma in ta taho ta ina take wuce ka? To ni ban haɗa kaina da tayar mota don in burge kowa ba."

A lokacin mota hannun hagu take bi, saboda haka mai keke yana gefen hagu, motoci suna wucewa ta damansa. Gaskiyar Yaya a fili take, amma Malam sai ya girgiza kai ya ce ajali ba ya duba hannu. A yi dariya, a sha fura, a tashi. Yaya har da gangan yake yi: in mun iso tsamiyar sai ya kaɗa ƙararrawa, ya ja birki a gaban Malam, ya buga ƙafar hagu a ƙasa da ƙarfi, tim, sannan ya yi sallama.

Wata damina, a wani ɗan rafi mai yashi kafin a kai Birchi, ya tsaya don mu tura kekunan. Ya sauke hagu kamar kullum, sai ƙafar ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa, ya tafi ƙasa shi da keke da kwando. Goro ya watse cikin yashi. Na yi dariya har da riƙe ciki, shi ma ya yi, ya zagi yashin. Muka tsince goro muka wuce.

Kasuwar da ta biyo baya, da muka iso tsamiya, bai kaɗa ƙararrawa ba. Ya ja birki a hankali, ya sauke ƙafar dama.

Wurin ya ɗauki sowa. Malam ya miƙe tsaye da ludayi a hannu yana cewa, "Alhamdu lillahi! Yau ga ɓatacce ya dawo gida!" Yaya ya yi murmushi ya ce ai girma ya fara kama shi, gara ya bi manya. Kowa ya ji daɗi. Ni kaɗai ban ji ba, don ina kallon wandonsa, fari tas da ya fito da shi, ga layin baƙin mai a ƙafar dama. Mutumin da in ɗigon miya ya taɓa masa riga sai ya koma gida ya sake, ya kalli baƙin man ya kau da kai.

Daga ranar na sa masa ido, kuma abin da na riƙa gani bai yi mini daɗi ba. Ƙafar hagun tana zamewa daga kan feda, sai ya duba ƙasa kafin ya mayar da ita, alhali mai keke ba ya duba ƙafarsa. In yana tafiya a ƙasa sai ya ɗaga gwiwar sama kamar mai ratsa ruwa, yatsun suna reto. Ya daina alwala a ƙofar gida tare da mu, sai ya ɗauki buta ya zagaya baya. Rannan wata motar gyaɗa ta taho a guje, muka tsaya mu ba ta hanya, shi ya karkata dama, wajen motar, har iskarta ta ɗaga masa riga ta rufe masa kai. Na daka masa tsawa, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Bai ko waiwayo ba.

Ranar da na tabbatar, muna dawowa ne da la'asar. Robar fedarsa ta hagu ta cinye, ƙarfen ya fito, ya huda takalmin. Ina bayansa sai na ga wani abu yana ɗiga a kan hanya, ɗis, ɗis, duk juyin feda. Na sha gabansa na tare shi.

"Yaya, sauka."

"Lahiya?"

"Sauka ka dubi ƙafarka."

Ya duba. Takalmin ya jiƙe sharkaf da jini, kuma ga dukkan alama tun daga Kurfi yake zuba. Abin da ya tsinka mini zuciya, ba jinin ba ne, fuskarsa ce. Mamaki ne a kanta, irin na wanda aka nuna wa ƙafar wani. Na durƙusa na naɗe masa wando don in ɗaure ciwon, sai ga wani tabo a ƙwaurinsa, faffaɗa, ya yi ja-ja ya kuma koɗe, babu gashi ko ɗaya a kansa. Na danna shi da farce har farcen ya shiga. Yana kallon hanya, bai san na yi ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan tabon. Kuturta ce. Sunan bai fita daga bakina ba a ranar, shi ma bai fita daga nasa ba.

Na ce masa ai yanzu akwai magani. A Kurfi ma malamin asibiti yana raba ƙwaya, kuma mun ga waɗanda suka fara sha da wuri ciwon ya tsaya, yatsunsu suna nan. Ya ce ya sani. Ya ce in tuna inda ake bin layin karɓar ƙwayar, a fili, kowa mai shiga kasuwa yana gani.

"Goro nike saidawa," ya ce. "Da hannuna nike ɗauka in miƙa, mutum shi sa a baki. Wa za ya sayi goro a hannun da ya gani cikin wancan layi? Ka bari kaka ta wuce. In an saida gyaɗa an gama bukukuwa, ni da kaina zan tahi."

"Ƙafar za ta jira kaka?"

"Kai dai ka kama bakinka."

Ban kama ba. Na gaya wa Inna, mahaifiyarmu, a daren ma ban bari ya kwana ba. Ta yi kuka, ta sa aka nemo saiwoyi ana jiƙa masa, ta ce kada maganar ta fita zaure saboda 'ya'yansa mata. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, na ce zan daina bin sa kasuwa. Ya ce in daina mana. Haushi kamar in fasa kekensa da gatari, amma ranar kasuwa na zagayowa sai in ga kaina a bayansa, don in ban bi shi ba wa zai riƙa duba masa ƙafar? Haka muka ci sauran damina. Kullum in mun tsaya sai in ce, "Yaya, takalminka," shi kuma ya duba, kamar ana gaya wa makaho inda rami yake.

Kaka ta yi, gyaɗa ta shigo, hanya ta cika da motoci. Wata safiya tayata ta yi faci bayan mun wuce rafin nan. Na ce ya jira ni, ya ce zai jira a tsamiya, ya wuce. Na liƙe tayar a gurguje na hau. Ban yi nisa ba sai na ga takalmi ɗaya yashe a tsakiyar hanya. Na hagu ne, kuma na san shi. Ya zame daga ƙafarsa bai sani ba. Na ɗauka na cusa a aljihu, na taka keken nan kamar ana korata.

Tun daga nesa na jiyo dariya. Ashe da ya iso, 'yan hagu ne suka tare shi da tsiya, wai sarkinsu ya sayar da su, wai tsoron Malam ya sa ya tuba. An daɗe ana yi masa wannan, ranar dai ta kai shi bango. Ina isowa na gan shi ya zagayo da keke, ya kaɗa ƙararrawa kamar dā, ya nufo gindin tsamiyar. Na buɗe baki in kira shi, ya riga ya ja birki. Ya buga ƙafar hagu a ƙasa, tim.

Mai ƙosai ta gama kasko na farko, ta janye garwashi gefe, toka ta rufe shi. A kansa ya sauke ƙafar, babu takalmi.

Ya tsaya a nan, ya kafe gwiwar don kada ta lanƙwashe, yana dariya yana cewa, "To ga ta nan! Wa ya ce na manta?" 'Yan hagu suka yi sowa. Sowar ba ta daɗe ba. Wani siririn hayaƙi ya taso ta tsakanin yatsunsa, sai ƙauri ya biyo baya. Mai ƙosai ta saki matsami ta ɗora hannu a ka tana salati. Shi kuwa yana ta magana, yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai taya shi dariya, har ya ga duk ƙasa suke kallo. Sannan ya duba.

Na jefar da kekena na fizge shi daga wurin. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya gudu, mutanen kirki ne. Amma na ga wanda ludayi ke hannunsa ya mayar da shi cikin ƙwarya a hankali, ya goge hannunsa a riga. Malam ne kawai ya matso. Ya kwance rawaninsa ya miƙo mini, ya ce, "Ɗaure masa, ɗana."

Na sauke kwandona na bar shi nan tare da kekensa. Na ɗora Yaya a kariya, ya zauna a karkace, ƙafafunsa suna reto ta hagu, wadda ta ƙone a naɗe cikin rawani. Muka nufi Kurfi, wurin layin nan da ya yi wata da watanni yana gudu. A karo na farko ni ne a gaba.

Ya sha ƙwaya shekaru, ciwon ya tsaya, hannuwansa ba abin da ya same su. Amma ƙunar ta ci ƙafar, sai da aka yanke rabinta, kuma bai sake hawa keke ba, bai sake miƙa wa kowa goro ba.

A ranar ƙunar, a hanyar nan, kafin mu shiga Kurfi, wata mota ta taho, dole na tsaya. Jikina ya tafi hagu yadda ya saba, sai na tuna abin da ke reto a wannan gefen, in na karkata zai bugi ƙasa. Na mayar da nauyina, na sauke dama, wajen motar. Ta wuce har ina jin zafin injinta a kumatuna.

"Hagu, kai!" in ji Yaya daga bayana, da tsawa, yadda yake yi mini tun ina koyo. "Sau nawa zan gaya maka?"

Sai na ji ya kifa goshinsa a bayana, rigata ta fara jiƙewa. Na jira har ƙurar motar ta kwanta, sannan na taka muka tafi.