Waken da Ake Kira Kwantirol

A aji huɗu na ajiye boko, amma na daɗe a ɗakin gwajin kimiyya na wata sakandare a Faskari, don haka wanda ya kira ni masani ba zan yi masa musu ba. Aikina shara da wanke kwalabe.

Malamin kimiyya, wani siririn mutumin Sabuwa, ya ga ina iya rubutu, sai ya damƙa mini littafin ɗakin. Ya ce, "Baba, duk abin da ya faru ka rubuta, da ranarsa. In ka yi kuskure kada ka goge, ja masa layi ɗaya yadda za a riƙa ganinsa."

Na ce, "Malam, mu a Daudawa rufe kuskure muke yi."

Ya ce nan ba Daudawa ba ce.

Wata rana ya zuba wake kan auduga a kwalabe uku. Ya jiƙa biyu, ta ukun ya bar ta a bushe, ya liƙa mata takarda: kwantirol. Ya ce masu duba makarantu na tafe, waken nan zai nuna musu, kuma tabbatar da shi a aiki yana hannunsu. Sai aka yi masa rasuwa a Ƙanƙara, ya tafi.

Ni na ɗauka kwantirol sabon iri ne, ya manta bai jiƙa ba. Wane manomi zai ga iri a bushe ya wuce? Na rubuta: "Talata. Kwantirol na jin ƙishi, na ba shi ruwa."

Da Malam ya dawo, kwantirol ya fi kowa tsawo. Ya dafe kai.

"Baba, ka kashe ni. Wannan ne zai nuna iri ba ya tsira sai da ruwa."

"Malam, wannan har sai an nuna wa mutum?"

Da baƙin suka zo, Malam ba shi da abin nunawa sai littafin. Babbansu, wani Alhaji, ya karanta Talatar nan, ya yi dariya har da tari. Ya ce tun da ya fara zagaye bai ga littafin da ya faɗi gaskiya ba sai wannan. Ya sa wa Malam hannu a takardar tabbatar da shi a aiki.

Suna fita na ɗauki biro zan ja wa kuskurena layi. Malam ya riƙe hannuna.

"Rubutun daidai ne, Baba. Ruwan ne kuskure."

Har yau ban san yadda ake ja wa ruwa layi ba. Waken kuwa na kai gona na shuka. Da na dafa, ɗanɗanonsa na wake ne kawai.