Kabo da Mai Alli

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Toranke da Gaya kafin a gyara hanya ya san Kabo Direba. Gajere ne, baƙi, mai ƙaramar murya, kuma Allah ya yi shi da riƙo. Tare muka tashi, ni Inuwa na kama sayar da goro, shi ya tafi Kano ya yi shekara bakwai yana jan motar masu haƙa rijiyoyi. Da ya dawo, ya dawo da wata tsohuwar Landirofa da ya saya a gwanjo. Fentinta ya koɗe, ƙofar hagu sai an ɗaga ta take rufuwa, amma ban taɓa ganin ta kwana a hanya ba.

Hanyarmu a lokacin yashi ce, musamman wani wuri da muke kira Kuka Uku, inda ko jaki sai ya yi nishi. Kabo yana da dabararsa. Kafin ya shiga yashi sai ya tsaya, ya sa tsinken ashana a bawul ya rage wa tayoyi iska, su baje, motar ta bi ta kai kamar agwagwa. In mun iso bakin Gaya, akwai wata tsamiya da yake tsayawa, ya sauke famfo ya mayar da iskar, mu fasinjoji muna karɓa-karɓa muna masa tsiya cewa mun biya kuɗin mota kuma an sa mu aikin gayya.

A shekarar da aka sauya hannun tuƙi, aka fara turo wani mai duba lafiyar motoci daga birni, duk bayan mako biyu. Sunansa Abdulsalam, amma direbobi Mai Alli suke ce masa, don in mota ta faɗi sai ya zana mata alama da alli a ƙofa. Matashi ne, fari, kakinsa ya sha guga. Ban hana shi iliminsa ba, sai dai a kan kwalta ya koyo shi.

Wata ranar kasuwa da kaka, sai ya kafa teburinsa kafin a kai tsamiyar nan. Muka iso da tayoyinmu a baje. Ya zagaya motar, ya gwada birki, ya gwada fitilu da oda, duk lafiya. Sannan ya doki taya da takalmi.

"Da wannan kake ɗaukar rayukan mutane?"

Kabo ya ce, "Ranka ya daɗe, da gangan na rage. Yashi ba ya son taya mai tauri. Ga famfo, yanzu zan mayar."

"Ni za ka koya wa mota?"

"A'a, ranka ya daɗe. Yashi nake koya maka."

Mutane suka yi dariya, har da ni, kuma har gobe ina da-na-sanin wannan dariyar. Fuskar Mai Alli ta canza. Ya zana allinsa a ƙofar, ya ce tayoyin sun lalace, ya sa aka kai motar harabar ofis aka karɓe makulli, wai sai ya dawo bayan mako biyu. Dattawa suka ba shi haƙuri, ya ce doka ba ta san haƙuri ba. A ƙasa muka koma Toranke.

Kwana tara bayan haka, kububuwa ta sari Baiwa, mahaifiyar Kabo, a gonar gyaɗa. Shi kaɗai ta haifa, kuma ita ta sayar da shanunta biyu aka sayi motar. Babu wata mota a garin. Aka yi maganin gida bai yi ba, sai muka ɗora ta a amalanke muka nufi asibiti. A Kuka Uku ƙafafun amalanken suka nutse, muna turawa, shanu suna durƙusawa, Kabo yana riƙe da kanta yana cewa, "Inna, saura kaɗan." A nan ta cika, rana tsaka.

Bai yi kuka a gaban mutane ba. Da ranar duba motoci ta zagayo ya je Gaya, Mai Alli ya sake duba tayoyin nan da ya ce sun lalace, yanzu da iskarsu, ya ce sun yi. Don dai kada a ce ya sauka a banza, ya rubuta a takarda cewa motar ba za ta ɗauki fiye da fasinja takwas ba. Kabo ya ninke takardar ya sa a aljihu. Alamar allin kuwa, ya sayi farin fenti ya bi ta kai don kada ruwa ya wanke. Na ce masa, "Kabo, ka bar wa Allah." Ya ce, "Na bar masa. Amma ina son in gani da idona."

Shekara biyu ana nan. Wata Juma'a da bazara mun taso daga Gaya mu fasinjoji biyar a motar, muka iso Kuka Uku muka tarar da wata ƙaramar mota ta nutse har ciki. Dattawa uku suna zaune a inuwar kuka. Wani cikin farar babbar riga yana tona yashi da hannu, gumi ya jiƙa shi. Da ya ɗago sai ga Mai Alli. Ashe 'yar wani attajiri zai aura a Ajingi, bayan masallaci za a ɗaura, kuma dattawan nan baffanninsa ne.

Kabo ya tsaya. Da ya sauka, har ƙasa ya durƙusa ya gaida dattawan.

"Baba, ku shigo in kai ku, kada Juma'a ta wuce ku."

Suka shiga suna sa masa albarka. Mai Alli ya kakkaɓe rigarsa ya zo zai hau, sai Kabo ya tare ƙofar, wadda ke ɗauke da farin zanen. Ya ciro takardar nan, ta yi laushi don ninki, ya ƙirga mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Takwas, ranka ya daɗe. Ga sa hannunka."

"Haba Malam, ai lalura ce. To ka ja ni da igiya mana."

"Ba a rubuta mini jan mota ba."

Babban baffan ya ce, "Ɗana, ango ne fa." Kabo ya ce, "Baba, aure yana ɗauruwa ba ango. Kuna nan ai." Ya nuna gindin kukar tsakiya ya ce, "Can uwata ta rasu a kan amalanke, motar nan tana kulle a Gaya." Mai Alli ya dubi ƙofar, ya dubi Kabo, sai a lokacin ya gane shi.

Muka tafi muka bar shi. Na waiwaya na ga tayoyin motarsa cike tam da iska, kuma na san da tsinken ashana guda da ɗan turi da ta fita. Ban tausaya masa ba, ba zan yi ƙarya ba. An ce sai bayan la'asar ya shiga Ajingi a ƙasa, takalmi a hannu, an riga an watse. Har ya bar aiki mutanen garin Angon Yashi suke ce masa.

Kabo ya ja motar nan shekara goma sha ɗaya bayan haka, bai taɓa ɗaukar mutum na tara ba, ko da ranar sallah. Duk shekara yana sabunta fentin ƙofar. Wata rana muna famfo a gindin tsamiya na tambaye shi, me ya hana shi ko gaya wa mutumin ya rage iska.

Bai daina famfon ba. Ya ce, "Na gaya masa, Inuwa. A gabanka na gaya masa, Inna tana da rai."